Daga Glock 19 zuwa 43X: yadda na rage wa ƙuguna nauyi a Teksas

Bindigar fistol ta Glock 19 idan an cika ta da harsashi 15 tana kai giram 855 a sikeli, in an haɗa da kubenta kuwa ta doshi kilo guda. A hannu wannan ba nauyi ba ne. Sai an soke ta a ƙugu tun asuba, an zauna da ita a mota, an tsuguna an miƙe, an sha gumin birnin Hustan na watan Agusta da ita, sannan ake gane cewa kaya ce. Alamar farko ciwon kwankwaso ta gefe guda. Ta biyu ta fi muni: mutum ya fara barin ta a gida yana cewa ai nan kusa zan je in dawo. Da na ga haka sai na shiga neman wadda ta fi sauƙin ɗauka. Aikin ya ci kusan wata biyu, kuma yawancinsa ba a kantin bindiga aka yi shi ba.

Maganar doka ce kan gaba, domin duk abin da zan faɗa a jihar Teksas ta Amurka ne. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin jerin haramtattun makamai, ba abin da farar hula zai shiga kanti ya saya ba ne. A Amurkar ma ba kowa ke da dama ba. Mai takardar zama ta dindindin yana iya saye, amma wanda ya shigo da bizar karatu ko ta ziyara dokar tarayya ta hana shi, sai bisa wasu 'yan sharuɗɗa. Dillali mai lasisi ba ya sayar wa wanda bai kai shekara 21 ba fistol, kuma sai an cike fom 4473 an duba sunan mai saye a rumbun bayanan FBI. Tun 1 ga Satumba 2021 Teksas ta yarda wanda ya kai shekara 21, kuma babu abin da ya haramta masa mallakar makami, ya ɗauki fistol ba tare da lasisi ba. Duk da haka ina ganin ganganci ne mutum ya ƙi yin lasisin. Darasin awa huɗu zuwa shida ne, kuɗin jiha dala 40, sai gwajin harbi na harsashi 50: 20 daga yadi 3, 20 daga yadi 7, 10 daga yadi 15, ana neman maki 175 cikin 250. Da lasisin ne wasu jihohi ke amincewa da kai in ka tsallaka iyaka, kuma shi ne ke fitar da kai daga dokar tarayya da ta hana riƙe bindiga a tazarar ƙafa 1,000 daga makaranta. A cikin gari ba ka tuƙin minti biyar ba ka gitta makaranta ba.

Abin da na fara yi bai shafi sabuwar bindiga ba sam. Na canza bel. Bel ɗin ado na fata mai laushi yana lanƙwashewa a inda kube ya kama shi, sai bindiga ta rinjayo waje, nauyin duka ya taru a wuri guda kamar an rataya dutse da igiya. Bel ɗin da aka yi don ɗaukar bindiga faɗinsa inci ɗaya da rabi ne, an ƙarfafa cikinsa, in ka matse shi tsakanin yatsu daga sama zuwa ƙasa ba ya naɗewa. Shi ke rarraba nauyin ya zagaye ƙugu gaba ɗaya. Mako biyu na yi da tsohuwar bindigar a kan sabon bel, ciwon kwankwaso ya ragu sosai. Mutane da yawa da sun tsaya nan da sun huta da kashe ɗaruruwan daloli. Abin da bai gyaru ba shi ne kauri. Bindigar na turo wando, mariƙinta kuma na zana kansa a jikin riga duk lokacin da na sunkuya.

A nan ne ya kamata a rarrabe abu uku da ake cakuɗawa a kira su nauyi. Akwai nauyin da sikeli ke nunawa. Akwai kauri, wanda shi ke danna ƙashin ƙugu ya cika wando. Akwai kuma tsawon mariƙi, wanda shi ke tona asiri, domin bututu yana ɓuya a cikin wando amma mariƙi a waje yake ƙarƙashin riga kawai. Wanda bai san wanne ke damunsa cikin ukun nan ba zai sayi bindiga ya tarar matsalarsa na nan.

Na rubuta 'yan takara a takarda da alƙalumansu. SIG P365, wadda ta fito a 2018 ta sauya kasuwar, tana cin harsashi 10 a jiki mai kaurin kusan inci ɗaya, nauyinta wajen giram 500 babu harsashi, bututunta inci 3.1. Springfield Hellcat ta 2019 tana kusa da ita a girma, tana cin 11. Smith & Wesson Shield Plus ta 2021 ta ɗan fi su nauyi, tana zuwa da gidan harsashi mai cin 10 da mai cin 13. Glock 43X ta 2019 giram 530 ce da gidan harsashi babu komai ciki, giram 654 in an cika ta da 10, kaurinta milimita 28. Sai ƙananan da ake sawa a aljihu: Ruger LCP Max mai harsashin .380, wajen giram 300 kacal, da libarba irin Smith & Wesson 642 mai jikin alminiyam, wajen giram 410, mai cin harsashi biyar na .38 Special. A lura yawancin kamfanoni na buga nauyin bindiga babu harsashi. Harsashin 9mm guda ya kai giram 12, don haka goma giram 120 ne da ba a rubuta a jikin kwali ba. Kullum a kwatanta cikakkiya da cikakkiya.

Riƙe bindiga a kanti ba ya nuna komai sai cewa tana da daɗin riƙewa a kanti. Na je filin harbi inda ake ba da haya, na gwada biyar cikin kwana biyu, kowacce harsashi 50, masu 9mm duka da iri guda mai nauyin giren 124 (giren ma'aunin nauyin kan harsashi ne), don kada bambancin harsashi ya ruɗe ni. Gwajin da na dogara da shi mai sauƙin riƙewa ne: harbi biyar, daga yadi biyar, cikin da'ira mai faɗin inci biyar, a daƙiƙa biyar. Ana maimaitawa sau biyar, ana rubuta sau nawa aka ci. Bayan nan harbi a natse kan farantin takarda daga yadi 15, sai goma da hannun dama kaɗai, goma da hagu kaɗai. Na fara da Glock 19 ɗina don in san ma'aunina, domin tambayar ba wace bindiga ce ta fi kyau ba, tambayar ita ce nawa zan rasa daga abin da na saba iyawa.

Kuma dole a rasa wani abu. Ƙarfin da ke tura harsashi gaba shi ne ke tura bindiga baya, kuma nauyin bindigar ne ke shanye shi. Idan harsashi iri ɗaya ne, rage nauyi daga giram 855 zuwa 654 yana ƙara ƙarfin shurin da hannu zai karɓa da kusan kashi 30 cikin ɗari. Ga shi kuma mariƙin ya sirance, wurin da tafin hannu ke taɓawa ya ragu, don haka shurin ya taru a ɗan wuri. Tazarar da ke tsakanin saitin gaba da na baya ita ma ta gajarce, ƙaramin kuskure a ido sai ya zama babba a takarda. Shi ya sa ƙaramar bindiga ba ta ɗan koyo ba ce, ko da yake ita ake yawan miƙa wa mata da tsofaffi a kanti da sunan ta fi sauƙi. Wannan al'ada tana ba ni takaici, domin ita ke sa mutum ya tsani atisaye tun ranar farko.

Da bindigogi masu gajeren mariƙi, ƙaramin yatsana na lilo a iska, ba shi da wurin zama. Ana raina yatsan nan, alhali shi da na kusa da shi ne ke danne ƙasan mariƙi su hana baki ɗagawa. Harbi na farko yana zuwa daidai, na biyu da na uku sai su fara gangarowa ƙasa ta hagu, alamar na-hannun-dama da ke matse dukan yatsu tare da jan kunama saboda yana tsammanin shuri. Da na sa dogon gidan harsashi mai cin 12 ko 13 sai yatsan ya samu wuri, harbin ya gyaru, amma tsawon mariƙin ya dawo kusan inda na baro. Wanda hannunsa ƙarami ne ba zai gamu da wannan ba, kuma a gare shi P365 ko Hellcat na iya zama daidai. Ƙaramar .380 kuwa tana ɓacewa a aljihu kamar walat, sai dai bayan harsashi 30 tsakanin babban yatsana da manuni ya yi ja, na ga ina ƙifta ido kafin harbi ya tashi. Libarbar tana da abin yabo: babu gidan harsashi da zai saki, babu marfin sama da zai maƙale, in harsashi ya ƙi tashi sai a sake ja. Amma kunamarta doguwa ce mai tauri, ta ninka ta Glock wajen nauyin ja, kuma riƙe saiti a tsaye ana jan abu mai tauri haka a bindigar giram 410 yana buƙatar atisayen da ban ga ina da lokacinsa ba.

Glock 43X ce kaɗai na ci gwajin biyar-biyar da ita kusan yadda nake ci da tsohuwar. Dalilin a fili yake: tsawonta daga sama zuwa ƙasan mariƙi milimita 128 ne, daidai da na Glock 19, don haka yatsu uku na samun mazauni. Abin da aka rage kauri ne da tsawon bututu, daga milimita 102 zuwa 87. Kunamar da maɓallan duka a inda hannuna ya saba suke. Giram 200 na sauke: 140 daga jikin bindigar, 60 daga harsashi biyar da na haƙura da su. Ba ita ce mafi sauƙi cikin waɗanda na gwada ba, ita ce mafi sauƙin da harbina bai lalace da ita ba, kuma a kan wannan na yanke.

Tunda mariƙin bai gajarce ba, ɓoye shi ya koma kan kube. Kuben leda mai laushi ko na yadi wanda ake cewa yana shiga kowace bindiga, a bar shi a kanti. Bakinsa na rufewa da zarar an zare bindiga, kuma ba ya hana wani abu danna kunama ta waje. Na taɓa ganin irinsa ya naɗe ya shiga zoben kunama lokacin da nake gwada shi da bindiga babu harsashi, daga ranar na jefar da shi. Abin nema shi ne kube mai tauri na robar Kydex da aka ƙera wa wannan bindigar takamaimai, wanda ya rufe zoben kunama ruf ta ɓangare biyu, bindiga na shiga a ji ƙas, in an kifa shi an girgiza a hankali ba ta faɗowa.

Masu wannan harka suna kwatanta ƙugu da agogo, cibiya ce ƙarfe 12. Na gwada ƙarfe 4, bayan ƙashin ƙugu kaɗan, inda na saba. Da riga mai sauka yana ɓuya a tsaye, amma ana sunkuyawa mariƙi ya ɗaga riga. Na koma ƙarfe 1, gaba kusa da cibiya. A nan ƙananan abubuwa biyu ke aikin. Na farko ɗan fiffike ne da ake ɗaurawa a gefen kube, yana tokare bel ta ciki ya juyo da mariƙi ya kwanta a jikin ciki. Na biyu ɗan matashin soso ne da ake mannawa a ƙasan kube ta ɓangaren jiki, yana turo bakin bindiga waje, sai saman ya kwanto ciki. Sai da na matsar da soson nan sau huɗu, rabin inci rabin inci, kafin ya zauna. Akwai kuma abin da ke ba mutane mamaki: gajeriyar bindiga ta fi saurin rinjayowa gaba, domin babu isasshen tsawo a ƙasan bel da zai riƙe ta. Shi ya sa da yawa ke sa 43X a kuben Glock 48, wadda mariƙinsu ɗaya amma bututunta ya fi tsawo.

Wannan dabarar ba ta yi mini ba, saboda salla. A tsaye da ruku'u babu damuwa, amma a sujada da zaman tahiya dogon kube na sokar cinya. Na koma gajeren kube, na ɗaga shi sama da rami ɗaya a maƙalinsa, na matsar da shi kaɗan daga ƙarfe 1 zuwa wajen 12 da rabi don ya faɗa cikin lungun da ke tsakanin cinya da mara. Duk wanda ke salla ya gwada kubensa a kan darduma a gida, bindiga babu harsashi, raka'a cikakkiya, kafin ya yanke cewa ya dace. Maganar shiga masallaci kuwa ta masu masallacin ce. A Teksas idan an kafa allon sanarwa na 30.06 a ƙofa, an hana mai lasisi shiga da ɓoyayyiyar bindiga ke nan, ko an faɗa masa da baki ma ya wadatar. Don irin wannan, da gidan waya da kotu da mashayar da ke da allon 51%, wato wadda kashi 51 ko fiye na kuɗin shigarta daga giyar da ake sha a wurin ne, na sa ƙaramin akwatin ƙarfe mai igiyar waya da aka ɗaure a ƙafar kujerar mota. Ana cire bindigar tare da kubenta a saka, ba a zare ta.

Kayanmu na gida suna da nasu lissafi. Kaftani ya fi kowace riga ɓoye bindiga, ko babba ce ba a gani. Matsalar biyu ce. Wandonsa na zariya ne, kuma zariya ba ta riƙe giram 650. Wandon zai zame, in ka ja bindiga kuma kube ya biyo ta. Maganinsa ɗamarar da ake ɗaurawa a jiki ƙarƙashin wando, mai ɗauke da kube mai tauri, irin Enigma ta kamfanin PHLster, wadda ba ruwanta da bel. Ɗamarar roba zalla mai aljihu ba ta wadatar ba sai an haɗa ta da abin da ke rufe kunama. Ta biyu ita ce tsawon rigar. Rigar da ta kai gwiwa sai hannun hagu ya damƙo ta daga ƙasa sosai ya ɗaga har ƙirji kafin dama ya kai ga mariƙi, kuma hakan ya ninka lokacin zarowa.

Haɗarin gaske a wajen mayarwa yake. A ƙarfe 1 bakin bindiga na kallon cinya, inda babbar jijiyar jini take, kuma yadin kaftani ko igiyar zariya in ta shiga zoben kunama ana tura bindiga ƙasa, ita za ta ja kunamar. Glock ba ta da maɓallin kariya na waje da zai tare wannan. Don haka mayarwa a hankali ake yi: yatsa a miƙe can saman jikin bindiga, hannun hagu ya riƙe riga a ƙirji, ido ya leƙa cikin kube ya ga babu komai, a ja ƙafar dama baya a turo ƙugu gaba don baki ya kauce wa jiki. In an ji wata turjiya ko ƙanƙanuwa ce, a tsaya a fito da ita. Babu wanda ke ba da lada don an yi saurin mayarwa. Ina yin wannan atisayen minti goma, sau uku a mako, da bindigar da na duba sau biyu, harsasan kuma suna wani ɗaki.

Ban fara ɗaukar sabuwar ba sai da ta ci harsashi 300 na atisaye da 50 na wanda zan riƙa zuba mata. Sau biyu kwanso ya maƙale a tsaye a bakin tagar da yake fita ta cikinta, duka biyun a harbin hannun hagu kaɗai, kuma laifin wuyan hannuna ne. Marfin sama yana buƙatar jikin bindiga ya tsaya cak kafin ya kai ƙarshen tafiyarsa ya watsar da kwanso. In wuyan hannu ya saki, bindigar duka ce ke ja baya, ƙarfin ya salwanta. Bindiga mara nauyi ta fi saurin nuna wannan. Na ƙara matse hannu na kulle wuyan, bai sake faruwa ba. Wani abin da ke faruwa da masu manyan hannu shi ne babban yatsa ya hau kan maɓallin tsayar da marfi, sai harsashi ya ƙare marfin bai tsaya a buɗe ba. Na kuma gwada gidan harsashi na ƙarfe mai cin 15 da wani kamfani daban ke yi wa wannan bindigar. Ƙarfen na cinye maƙalin roba da ke riƙe shi, sai an canza maƙalin zuwa na ƙarfe, shi kuma ya koma cin gidajen asali masu rufin roba. Na bar shi, na tsaya kan na asali mai cin 10, da guda na biyu a aljihun hagu cikin ɗan kubensa.

Harsashin kariya mai ramin baki ne, wanda ke buɗewa in ya shiga don kada ya ratsa ya samu wanda ke baya. Ma'aunin FBI shi ne ya nutse inci 12 zuwa 18 a cikin daskararren gelatin na gwaji. Gajeren bututu na rage gudun harsashi, don haka a nemi irin da aka gwada a bututun inci uku. Federal HST da Speer Gold Dot na cikin waɗanda 'yan sanda suka daɗe suna amfani da su. Na zaɓi giren 124 na yau da kullum, ba mai ƙarin matsi da ake rubuta wa +P ba, domin ƙarin shurin a bindiga mara nauyi ya fi ƙarin gudun yawa a wurina. Kada a riƙa mayar da harsashi guda cikin maƙogwaron bindiga, wato inda yake zama kafin a harba, kullum ana fitarwa. Kowace shiga tana dukan kansa, a hankali ya nutse cikin kwanso, matsin albarushi ya ƙaru. Wanda ya shiga sau biyu ko uku ina ware shi in harba a fili.

Bindigar da ke manne da fata a wannan zafin tana shan gumi, gumi kuma gishiri ne. Singileti tsakanin kube da jiki na rage wannan da kuma gurzar fata. Duk ranar Asabar ina cire gidan harsashi, in ja marfi in duba maƙogwaro da ido da yatsa, in kwance ta, in share audugar riga da ke taruwa a bayan marfi da kewayen kunama, in goge saiti da maɓallan ƙarfe da tsumma mai ɗan mai. Ɗigo kaɗan ya isa, mai da yawa ƙura yake tarawa, kuma ba a sa shi a ramin allurar da ke dukan harsashi. Sukurorin kube suna kwancewa da motsin jiki, don haka na ɗiga musu shuɗin gam ɗin sukuru, na ja layi da farin fenti a kan kowanne don in gane in ya juya. Da dare bindigar na shiga akwatin ƙarfe mai lambobi tana cikin kubenta, akwatin kuma an ɗaure shi da kusoshi a jikin bango, sama da inda hannun yaro ke kaiwa.